Yadda Kawu Hatimi Ya Daina Saran Ƙwallo

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi aikinsa kaf a bayan tebur guda, a ofishin da ake ba masu shaguna lasisi. Teburin yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin kashiya, kusa da wata taga da ba ta buɗuwa. Duk takardar da ta zagaya ofishin nan, ko ta sha sa hannun manya, ba ta zama takarda ba sai ya buga mata hatimi. Daga nan ya samo suna. Mu 'ya'yan ƙannensa muna ce masa Kawu, sauran jama'a kuma Hatimi, amma a bayan idonsa.

Ni dai a ganina ba mugu ba ne, sai dai har yau ban samu wanda zai tsaya mini shaida ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da gira mai kauri wadda take haɗewa tun kafin a gaishe shi. In ka ce masa ina kwana, sai ya dube ka kamar ka kawo takarda babu hoto. Cin hanci kuwa bai taɓa karɓa ba, wannan ma ya ƙara wa mutane haushi, don da yana karɓa da an san ta inda za a bi da shi.

Motsi biyu gare shi a kan teburin nan, duk wanda ya taɓa bin layinsa ya san su. In takarda ta cika, sai ya fizgi hatimin sama da wuyan hannu, ya maka shi ƙasa har kofin shayinsa ya yi tsalle. In kuwa da saura, ko da ɗigon tawada ne ya zauna inda bai kamata ba, ba ya cewa uffan. Sai ya ɗora tafukansa biyu a kan fayil ɗin, ya tura shi dama a hankali, a hankali, yana shafar tebur, kafaɗunsa suna juyawa tare da shi, har fayil ya kai baki, shi kuma ya bar ka da kallon kafaɗarsa ta hagu. Mutane sun fi tsoron turin nan a kan zagi. Ana ba da labarin wani mai shagon taya da hawaye suka zubo masa tun fayil bai kai rabin hanya ba.

Cikin waɗanda suka sha turin har da ƙanin matarsa. Lokacin yana saurayi, yana son buɗe shagon fenti, ya taho da murmushinsa yana taƙama mijin yayarsa ne a kan kujera. Ya tsallake layi, ya ajiye fayil, ya ce, "Yaya, ga 'yar takardar tawa."

Kawu ya duba, ya ga adireshin shago bai zo daidai da na jikin rasit ba, ya ɗora tafukansa. Saurayin nan ya yi ta zarya har takalminsa ya suɗe. Daga baya ya samu lasisin, shagon fenti ya haifi shaguna, ya yi mota, ya yi tumbi, amma daga ranar bai sake ce wa Kawu Yaya ba. "Mutumin nan" yake ce masa, ko a gaban Inna, matar Kawu, wadda ta goya shi yana ƙarami. Kawu kuma yana ce masa Mai Fenti, da irin muryar da ake faɗin sunan cuta.

Da Kawu ya yi ritaya sai ya yi wa gida yawa. Ya kafa kujera a falo yana binciken duk abin da ya gifta. Ya mayar da takardar kuɗin wuta don an yi kuskure a sunansa. Ya tura farantin abinci bakin tebur don gishiri ya yi kaɗan, Inna ta ɗauke farantin ba ta kawo wani ba. Jikoki suka koma shiga ta ƙofar baya. Jininsa ya hau, likita ya ce ya riƙa tafiya da ƙafa, ya ce shi ba ɗan aike ba ne da zai yi ta gantali babu inda za shi. Babbar 'yarsa ce ta yi dabara. Ta saya masa jakar sandunan golf, ta yi masa rajista a kulob ɗin da ke bayan gari, ta roƙe ni in riƙa kai shi ran Asabar tunda ni ma ina ɗan taɓawa. Abin da ta manta, ko ta yi kamar ta manta, shi ne sakataren kulob ɗin Mai Fenti ne.

Mu huɗu muke fita: ni, da Kawu, da wani Mai Kemis wanda ba ya ƙin kowa, sai Mai Fenti. Shi Mai Fenti ya shigo cikinmu ne don Inna ta kira shi a waya ta ce in bai kula mata da miji ba kada ya sake taka mata gida. A tasa faɗar kuma, ya shigo ne don ya sa ido a kan kayan kulob.

Na zaci Asabar ɗaya Kawu zai yi ya watsar. Ashe akwai wani abu a wasan da ban taɓa lura da shi ba. A golf, in mutum ya tsaya a kan ƙwallonsa, dole kowa ya yi tsit, kowa ya tsaya cak, ko tari babu, har sai ya buga. Na ga fuskarsa lokacin da ya gane haka. Ga manyan mutane a tsaye, har da Mai Fenti da tumbinsa, suna jiransa. Ya gyara hula. Ya gyara tsayuwa. Ya ɗaga kai ya duba sama kamar yana jiran sakamako, ya sake gyara hula. Tun da ya bar ofis babu wanda ya jira shi, ko direban bas. Da muka shiga mota ran nan ya ce mini wasan banza ne, na marasa aikin yi, kuma Asabar mai zuwa in zo da wuri.

Matsalar ita ce bugun kansa. Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallon ɗan mitsitsi ne, yana zaune a ƙasa, ba ya gudu, ba ya cizo. Kafin ka buge shi sai ka ja sanda baya, sannan ka dawo da ita. Masu koyarwa sun ce duk rikicin yana cikin jan farkon nan, daga inda ƙwallo yake zuwa daidai ƙugunka. In ka ja sandar ƙasa-ƙasa, a hankali, hannuwa da kafaɗu suna tafiya tare kamar an ɗaure su, sauran zai zo da kansa. In ka fizge ta sama da wuyan hannu, za ta dawo kamar gatari. To hannun Kawu ya yi shekara da shekaru yana sanin abu ɗaya: abin da aka riƙe a fizge shi sama, a maka shi ƙasa. Shi ba bugun ƙwallo yake ba, hatimi yake buga masa.

Ciyawa ta riƙa tashi da ƙasarta, guntu-guntu kamar yankan burodi. Wani sa'in ƙwallon ya nutse a inda yake, sai an tono shi. Wani sa'in ya yi dama a guje ya nufi wurin ajiye motoci. Mai kula da ciyawa ya daina gaishe shi, Kawu bai ma lura ba don da ma ba amsawa yake ba. Direbobi kuwa da sun hango hularsa sai ka ji ana ta tayar da motoci.

Mai Fenti yana yin shirun da doka ta ce, amma da sanda ta sauka sai ya buɗe baki. Ran nan ya dubi ramin da Kawu ya bari, ya ce wa Mai Kemis, "A kira masu haƙar rijiya su zo su ga gwani."

Kawu yana goge sandarsa ya ce, "Wanda ya yi arziki da sayar da ruwa mai launi ba shi zai koya mini aiki ba."

"Ruwan nan shi ya fente gidanka kyauta, mutumin nan."

"Shi ya sa bangon yake ɓarewa."

Haka muke zagaya filin, daga ramin farko da ake jefa ƙwallo a ciki zuwa na ƙarshe. Mai Kemis ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin mutanen da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa don kawai kada ɗaya ya rasa jin zagin ɗaya ba.

Kulob ɗin yana da koci, wani dogo mai sanyin murya, wanda aka ce ya taɓa koya wa wata tsohuwa mai ciwon gwiwa har ta ci kofi. Ya gwada Kawu ta ko'ina. Ya ajiye wani ƙwallo a bayan kan sandar, ya ce in Kawu zai ja baya ya mirgina shi a hankali. Kawu ya fizga, ƙwallon ya samu Koci a ƙwauri. Koci ya kawo tawul ya ce a matse shi a hammata don hannuwa su bi jiki, Kawu ya ce shi ba wanka ya zo ba. Da Koci ya ce masa wuyan hannunsa ne yake yi masa shisshigi, sai Kawu ya nemi ganin takardar shaidarsa. Aka ciro ta daga bango aka kawo. Ya ɗaga ta a rana, ya juya ta, ya ce hatimin ya karkace. Daga nan darasi ya ƙare.

Abin ya zo ƙarshe ne wata Asabar da ƙwallon Kawu ya tsallake shinge ya tarwatsa madubin motar Mai Fenti. Muka je muka tsaya a kan ɓarnar. Kawu bai dubi madubin ba, ƙasa ya duba, ya ce motar ta hau kan layi, ba a ajiye ta daidai ba. Abin haushin kuma gaskiyarsa ce.

Kwamitin kulob ya zauna a cikin makon. Mai Fenti da kansa ya faɗa wa Kawu hukuncin a barandar kulob, yana taunar kowace kalma kamar alewa. Asabar ɗin ƙarshen wata, a ramin farko, a gaban kwamiti, Kawu zai yi bugu ɗaya. In ƙwallon ya wuce babbar bishiyar da ke tsakiya ya kuma zauna a cikin fili, shi ke nan. In ba haka ba, zai koma kejin raga da ke bayan sito, inda sababbi suke koyo, sai ranar da Koci ya sa hannu cewa ya iya.

Na san kejin nan. Mutane suna jere kamar a wurin wankin mota, kowa yana bugun nasa a lokaci guda, rediyo yana ta surutu. Babu mai yi wa wani shiru, babu mai jiran kowa. A mota, da muka kusa gida, Kawu ya ce keji na kaji ne. Ya fita bai ce in zo da wuri ba.

Inna ce ta kira ni bayan kwana biyu. Ta ce kawunka ya koma gwada bugun golf da lema a lungun ɗakuna, ya fasa ƙwan lantarki, ya ce da ma ƙwan ya kusa mutuwa. Abinci ma ya daina turawa, ci kawai yake ba ya ko duba gishiri, ita kuma abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Ta ce in aka kore shi daga filin nan kujerar falo zai dawo, kuma ita ce za ta bi layi.

Saura kamar mako biyu, muna zaune a barandar kulob bayan mun gama zagaye, Kawu ya yi ɓarnar da ta fi ta kullum, sai ga Mai Fenti da kofin shayi a kan ɗan faranti. Ya ajiye a gabansa da ladabin ƙarya.

"Sha, mutumin nan. A keji ba a kai shayi."

Kawu bai ɗaga kai ba. Ya ɗora tafukansa biyu a gefen farantin, ya tura shi dama. A hankali, a hankali, yana shafar tebur, kafaɗu suna bi. Ko ɗigo bai zuba ba. Kofi ya kai baki ya tsaya, Mai Fenti ya samu kansa yana kallon kafaɗar hagu. Na ga tumbinsa ya ɗan shige ciki. Ya san turin nan.

Koci yana tebur na kusa yana ɗaura igiyar takalmi. Ya miƙe da takalmi ɗaya a ƙafa, ya zo ya ɗauki kofin ya mayar gaban Kawu.

"Baba, don Allah sake yi."

Kawu ya dube shi kamar ya ga ƙuda a miya, ya sake turawa, wannan karon ma ya fi jan rai.

"Wannan," in ji Koci. "Abin da nake roƙonka wata da watanni ke nan. Ashe kana da shi kake ɓoyewa."

Kawu ya ce shi ba ya ɓoye komai, kuma a daina wasa da shayin mutane. Amma ya bi shi filin gwaji, yana gunaguni. Koci ya sa masa sanda a hannu, ya tambaye ni abin da turin yake nufi, na ba shi labarin ofis a taƙaice. Sai ya ce wa Kawu ai kuskuren ke nan, yana ɗaukar ƙwallon nan a matsayin takardar da ta cika. Ba ta cika ba. Adireshi babu, hoto babu. Ya ture ta.

Kawu ya ƙura wa ƙwallon ido. Ya ce, "Takardar wa?"

Koci ya ce ta duk wanda ya ga dama.

Kawu ya ɗaga kai ya dubi baranda, inda Mai Fenti yake tsaye da kofin da aka ƙi. Girarsa ta haɗe. Sandar ta tafi baya tana shafar ciyawa, hannuwa a miƙe, kafaɗu suna juyawa, wuyan hannu ya yi lamo kamar ba shi ba. Da ta dawo sai muka ji wani sauti da ba mu taɓa ji daga wurinsa ba, ƙyas, ƙwallon ya tashi ya tafi gabansa kamar an aike shi. Kawu bai yi godiya ba. Ya ce da Koci ya san aikinsa da tun farko ya faɗi haka.

Sai dai maganin yana da sharaɗi. In Mai Fenti yana inda ido zai kai, bugun yana fita tas. In ba ya nan, hatimi ya dawo. Na tsaya a gabansa na ce ya gwada da tawa fuskar, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ni ban isa a ƙi ni ba. Muka gwada Mai Kemis, abin ya fi lalacewa. Ita kuwa Asabar ɗin da ta biyo baya, duk inda Mai Fenti ya tsaya sai Kawu ya ƙare masa kallo kafin ya ja sanda, ƙwallo kuma yana tafiya inda aka ce. Mai Fenti ba wawa ba ne. A rami na uku ya gane da me ake amfani da shi, ya zagi Kawu, ƙwallo ya ƙara nisa. Mai Fenti ya koma gefe yana tunani, irin tunanin da ban so ba.

Ranar gwaji muna shigowa wurin ajiye motoci sai ga shi ya taho da sauri ya buɗe wa Kawu ƙofa. Ya tambayi jiki, ya tambayi kwanan Inna, ya karɓi jakar sanduna ya rataya da kansa. Ya yaba hular. Ya ce madubin nan ma da ma ya tsufa, an taimake shi ne. Kawu ya nemi inda zai kama ya rasa. Ya jefa masa maganar ruwa mai launi, Mai Fenti ya yi dariya ya ce wallahi akwai ƙamshin gaskiya. Muna tafiya ina kallon girar Kawu tana warwarewa, har na ga fatar da ke tsakaninta, wadda ban san akwai ta ba.

A ramin farko 'yan kwamiti sun jeru, Koci yana gefe, direbobi sun riga sun kwashe motoci. Kawu ya gwada jan sanda a iska. Wuyan hannu ya fizga, sanda ta sari ƙasa, ciyawa ta tashi ta faɗo a kan takalmin shugaban kwamiti. Ya sake gwadawa, haka dai. Ya dubi Mai Fenti yana neman abin haushi, ya tarar da fuska fal tausayi. Ban taɓa ganin Kawu ya yi kama da tsoho ba sai ran nan. Mai Kemis ya matso ya raɗa mini cewa an gama da shi.

Da Mai Fenti ya tsaya a nan da ya ci. Amma daɗi ya ɗebe shi. Ya karɓi ƙwallon daga hannun Kawu, ya sunkuya da ƙyar saboda tumbi, ya ɗora shi a kan ɗan tsinken da ake kafa masa a ƙasa, ya miƙe da wani murmushi na samartaka wanda ya daɗe a ajiye.

"Yaya," ya ce, "ga ɗan ƙwallon naka."

Wurin ya yi tsit, kamar yadda doka ta ce. Kawu ya dubi ƙwallon, ya dubi murmushin. Na ga girar ta taho daga dama da hagu ta haɗe.

"Yaya," ya maimaita a hankali, kamar yana karanta adireshin da bai yi daidai ba.

Ya gyara hula. Ya gyara tsayuwa. Sannan sandar ta fara tafiya baya. Ban taɓa ganin jan rai irin wannan ba. Tana shafar ciyawa, tana tafiya, kafaɗu suna bi, har na ji kamar in leƙa in ga ko akwai bakin tebur a can. Mai Fenti yana tsaye yana kallon kafaɗar hagun nan tana juyowa gare shi, murmushin yana zubewa. Sanda ta dawo. Ƙwallon ya tashi, ya bi ta saman bishiyar da tazara, ya sauka a tsakiyar fili ya yi ta mirginawa.

'Yan kwamiti suka tafa. Shugaba ya ce sakatare ya sanar da sakamako, tunda aikinsa ne. Mai Fenti ya sanar, da muryar wanda ƙashin kifi ya tsaya wa a wuya. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce bai ji sosai ba, a sake faɗa.

Har yanzu muna fita ran Asabar, mu huɗu. Mai Fenti ya koma zaginsa, tunda ya ga ladabin ma ba riba. Sau ɗaya ya gwada ƙin zuwa, ya ce baya ke ciwo. Ran nan Kawu ya nome ramin farko da na biyu, da yamma kuma ya sa na kai shi gidan Mai Fenti dubiya. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ko zama bai yi ba, ya ce masa ƙaryar ciwo yake, kuma fentin silin ɗinsa yana ɓarewa. Asabar ta gaba Mai Fenti ya riga mu zuwa.

Inna ta ce gishiri ya dawo yana yin kaɗan, ta gode wa Allah. A ramin farko kuwa Kawu ya ƙara wa shirinsa tsawo. Yana gyara hula, yana duba sama, yana sake gyara hula, mu kuma muna tsaye, ko tari babu.